Faifan Garmaho a Damagaram: Wa Zai Rubuta Jerin Waƙoƙinmu?

A Ingila, wanda ya tsinci ƙaramin faifan garmaho a kasuwar gwanjo ba ya shan wahala kafin ya san asalinsa. Da ya duba sunan mawaƙi da lambar da kamfani ya buga a tsakiyar faifan, ya buɗe littafi ko intanet, nan take zai ga makon da waƙar ta shiga kasuwa, da matsayin da ta taka a jerin waƙoƙin da aka fi saye, da yawan makonnin da ta yi kafin a daina yayinta. Wannan lissafi ya faro ne a watan Nuwamba na 1952, sa'ad da Percy Dickins na jaridar New Musical Express ya riƙa buga wa shaguna wajen 20 waya yana tambayarsu wane faifai ya fi tafiya a makon. Al Martino ne ya fara zama na ɗaya. A Amurka kuwa, mujallar Billboard ta soma jerinta na waƙoƙi 100 a watan Agusta na 1958, kuma har yau ana fitar da shi kowane mako. Da wannan jeri masu tara faifai na can suke aiki. Wani ya ƙudura sai ya mallaki duk waƙar da ta taɓa zama ta ɗaya a shekarun 1960, wani kuma waɗanda suka tsaya a matsayi na biyu yake farauta.

Mu a Damagaram faifan muna da shi, jerin ne babu. A gidaje da dama na Birni da Zango da Sabon Gari akwai adakar da aka daɗe ba a buɗe ba, ko wani kwali a ƙarƙashin gado, cike da fayafayan da mai gida ya saya yana saurayi. Babu jaridar da ta taɓa bin shagunan Zinder mako-mako tana ƙidaya abin da aka saya. Babu littafin da zai gaya maka waƙar da ta cika gari a damanar 1972, ko wadda samari suka riƙa sawa a daren sallar 1978. Abin da nake so in faɗa a nan shi ne, wannan rashi ba dalilin raina fayafayan ba ne. Shi ne ma ya sa suka fi tsada a gare mu fiye da yadda suke a wurin Bature. Shi in faifansa ya fashe, tarihin waƙar yana nan a rubuce. Mu in namu ya fashe, kuma mai shi ya kwanta dama, shi ke nan an rufe maganar.

Ƙaramin faifan nan mai juyi 45 a minti ɗaya, waƙa ɗaya a kowace fuska, kamfanin RCA Victor ne ya fito da shi a 1949, shekara guda bayan Columbia ta fito da babban mai juyi 33. Kafin su akwai masu juyi 78, masu nauyi da saurin fashewa, waɗanda ake sawa a garmahon da ake wana shi da hannu. Duka ukun sun iso ƙasar Damagaram, kuma hanyar da suka biyo ita ce hanyar da fatake suke bi tun zamanin Sarki Tanimu: hanyar Kano. Nijar ba ta da masana'antar buga faifai. A Legas manyan kamfanoni suke, EMI da Decca da Philips, daga can kaya su hau zuwa Kano, daga Kano direbobi da fatake su ƙetaro da su ta Daura da Matamaye, ko ta Ɓaɓura da Magarya. Wata hanyar kuma ita ce ta ma'aikata da ɗalibai da sojoji, masu dawowa daga Yamai ko Abijan ko Dakar ko Faransa da ƴan fayafayai a cikin akwati.

Kuɗin sayen kuwa, galibi na gyaɗa ne. Kafin yuraniyom ya karɓi ragama, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar take fitarwa waje, kuma yankin Magarya da Matamaye na cikin inda aka fi noma ta. Da an yi kaka an auna gyaɗa, kuɗi ya shiga hannun manomi da ɗan kamasho da direba da tela, sai a ga sabon keke, sabuwar rediyo, da garmaho mai batir. Farin 1973 da 1974 ya karya wannan kasuwa. Wanda ya jera fayafayan gida ɗaya bisa shekarunsu zai iya ganin inda saye ya yi yawa da inda ya tsaya cik, kuma abin da zai gani tarihin aljihun gidan ne, ba na kiɗa kaɗai ba.

Abin da aka saurara ya fi yadda yaran yanzu suke zato faɗi. Akwai Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji. Akwai rumbar Kwango ta Franco da Tabu Ley, da Bembeya Jazz ta Gini a fayafayan Syliphone, da kiɗan Kuba. Akwai James Brown da Jimmy Cliff, akwai Johnny Hallyday a hannun ƴan lakwal, akwai Ummu Kulsum, akwai waƙoƙin finafinan Indiya. Amma akwai wani giɓi da duk mai tara faifai zai ci karo da shi: muryoyin gida su ne suka fi ƙaranci. Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ta rediyo da kaset ya fi isa kunnen jama'a. Haka Malam Maman Barka, ɗan Tesker, da gurminsa. Kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faifan makaɗan Nijar a shekarun 1960, wanda Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ya ɗauka, amma don masu saye na Turai aka yi shi, ba don a sayar a Kasuwar Dole ba. Saboda haka mai aikin adana waƙoƙinmu a nan ba zai tsaya ga faifai kaɗai ba. Dole ya haɗa da kaset, da zaren naɗe-naɗen rediyo, domin a nan namu suke.

Kuma kada a ɗauka don ba a rubuta jeri ba, mutane ba su san waƙar da take kan gaba ba. Sun sani sarai. Ma'auninmu shi ne shirin zaɓi sonka. Mutum ya sayi kati ko ya rubuta wasiƙa, ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya roƙi a sa masa waƙa kaza, ya aika Rediyon Kaduna ko Muryar Sahel, sannan ya kasa kunne makonni yana jira. Waƙar da aka fi roƙa ita ce ta ɗaya, ko da ba wanda ya kira ta da wannan suna. Ma'auni na biyu shi ne gidan biki: faifan da aka yi ta mayar da allura kansa har ya soma tsalle. Na uku shi ne tasha da shagon tela da teburin mai shayi. Ni a ganina waɗannan ma'aunai sun fi na shago gaskiya a ƙasa irin tamu, domin a nan faifai ɗaya unguwa guda yake yi wa aiki. Mutum ɗaya ya saya, ɗari su saurara. Ƙidayar saye ba za ta taɓa kama waɗancan ɗarin ba.

Wannan ya kawo ni kan masu ganin cewa jerin Turawa shi ne alƙali. Abin sha'awa ne a karanta shi, kuma ƴan Afirka sun taka rawa a cikinsa. Miriam Makeba ta kai matsayi na 12 a Amurka da "Pata Pata" a 1967, Hugh Masekela ya zama na ɗaya a 1968. Labarin "Soul Makossa" ta Manu Dibango ya fi duka daɗi ga mai tara faifai, domin a bayan faifai take. Fuskar gaba waƙar gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka ce, wadda Kamaru ta karɓi baƙuncinta a 1972. Wani mai sa kiɗa a New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani shago a Brooklyn, rediyo ta ɗauka, kamfanin Atlantic ya sayi izinin bugawa, waƙar ta kai matsayi na 35 a 1973. To amma a ajiye wannan kusa da "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga, wadda EMI ta ƙi karɓa, har sai da ƙaramin kamfanin Rogers All Stars na Onica ya fitar da ita a 1976. Ana cewa an sayar da kwafi miliyan 13. Daga Duwala zuwa Dakar babu garin da ba a yi rawarta ba. Wanda zai auna ta da jerin Billboard sai ya ce ba a taɓa yin ta ba. Jerin nan kasuwar masu shi yake aunawa, kuma ko a can ba tsarkakakke ba ne, tunda a 1959 aka bankaɗo yadda kamfanoni suke ba masu gabatar da shirye-shiryen rediyo na Amurka toshiya don su riƙa sa waƙoƙinsu. Sai a 2020 Najeriya ta samu jerin TurnTable, Ingila ta buɗe na Afrobeats, Billboard ta biyo baya a 2022. Duk waɗannan na yau ne. Shekarun garmaho ba wanda zai koma ya ƙidaya mana su.

Akwai wani abu da nake so masu fayafayai su lura da shi, domin a nan ne lissafinmu da na ɗan kasuwar waje suka rabu. A wurinsa, faifan da aka yi rubutu a jikinsa darajarsa ta faɗi. So yake ya samu fes, kamar ba a taɓa sa shi ba. A wurinmu kuwa rubutun nan shi ne kan maganar. Samarin da suna rubuta sunansu a tsakiyar faifai ko a jikin kwalinsa saboda ana aro, ana kai shi biki, ana cakuɗa shi da na wasu. Wani da boko ya rubuta, wani da ajami. Wani ya ƙara sunan ƙungiyarsu ta samari, ko kwanan wata, ko sunan wadda yake nema. Wani kwalin yana ɗauke da hatimin shagon da aka saye shi a Kano ko Maraɗi. Faifan da yake fes yana nuna cewa ba a so shi ba. Wanda ya karce, ya sha hannu, sunaye uku suka hau kansa ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya yi zamani. Kada wani ya sa ruwa ya goge wannan rubutu don a ce kaya sun yi kyau.

Maganar ƴan kasuwar waje kuwa, ba zan yi musu kuɗin goro ba. Shekaru sama da ashirin ke nan masu neman tsofaffin fayafayai daga Turai da Amurka da Japan suna zagaya Legas da Kwatano da Akara da Bamako suna saye buhu-buhu, kuma dandalin Discogs, wanda aka kafa a 2000, ya sa kowa yana iya ganin farashin da ake sayar da su. Kamfanoni irin su Analog Africa da Soundway sun sake buga waƙoƙin da masu su ma sun fid da rai da su. A Nijar misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Mamman Sani, wanda ya naɗi kiɗan organ ɗinsa a gidan rediyon ƙasa wajen 1978. Kaset kaɗan aka yi. Jama'a sun san kiɗan, domin an daɗe ana sa shi tsakanin shirye-shirye, amma da yawa ba su san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya buga shi a faifai, sai ga dattijon yana zagaya Turai yana wasa. Wannan alheri ne, kuma in an ga alheri a faɗa.

Damuwata a wani wuri take. Idan mai saye ya ɗauki faifai daga gida a Birni, abin da yake tafiya da shi roba ce da kwali. Wanda ya san a bikin wa aka fara sa shi, da wanda ya kawo shi daga Kano, da dalilin da ya sa aka yi ta rububinsa a shekarar, yana nan zaune a zaure ba wanda ya tambaye shi. Faifan ya isa Berlin ba labari, labarin ya zauna a Zinder ba faifai, kowanne ya zama rabi. Ba na cewa kada a sayar. Mai abu shi ke da iko da abinsa, kuma halin rayuwa kowa ya san shi. Ina cewa ne kafin a sayar a ɗauki hoton fuska biyu da kwali, a naɗi sautin, a zauna da mai shi ko matarsa a rubuta abin da suka tuna. Kuma a tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya, don abin da aka ba ɗan gwangwan a kan ƴan daloli yana iya zama wanda ake nema ido rufe a wata ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce. Garin da mata suke kwana a layin famfo, wa yake da lokacin tsohon faifai? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce aikin nan ba ya cin kuɗin rijiya ko ɗaya. Littafin rubutu yake so, da salula mai ɗaukar hoto da murya, da haƙurin zama gaban dattijo. Wasu kuma za su ce ai komai yana YouTube. Ba komai ba ne, kuma abin da yake can sau da yawa ba shekara, ba sunan makaɗa, wani lokaci ma an liƙa wa waƙar sunan wanda ba shi ya yi ta ba. Takardar tsakiyar faifai ita ce take raba gardama, domin tana ɗauke da sunan kamfani da lamba, sau da yawa har da shekara. Akwai kuma waɗanda suke ganin kiɗa ba abin ajiyewa ba ne, magada su ga adakar mahaifinsu su ga ya fi a ƙone ta. Ba ni da niyyar shiga gardamar da malamai suka daɗe suna yi. Roƙona kawai a duba kafin a zubar. Ba kiɗa kaɗai aka buga a faifai ba. Tun 1961 aka naɗi karatun Alƙur'ani cikakke da muryar Shaihu Mahmud Khalil al-Husari a Masar, kuma a adaka guda ana iya samun karatu da waƙar fada da waƙar noma a haɗe. Wanda ba ya son ajiyewa a gidansa ya miƙa wa wanda zai adana.

Zinder ta riga ta ga yadda ajiya take salwanta a yini ɗaya. A watan Janairu na 2015, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke garin, ɗakin karatunta ya tafi. Ko me mutum yake gani game da ranar, darasin ajiya a fili yake: abin da aka tara a ɗaki ɗaya, wuta ɗaya ta ishe shi. Don haka ba na goyon bayan a kwashe fayafayan gari a kai wani ofishi a kulle. Su zauna a hannun masu su. Sauti da hotuna da bayanai ne za a kwafa a rarraba, kwafi a Jami'ar André Salifou, kwafi a gidajen rediyon gari, kwafi a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, kwafi a wurin iyalin.

Su wa za su yi? Ɗaliban tarihi na jami'a suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, ga shi a ƙofar gidansu. André Salifou, wanda jami'ar take ɗauke da sunansa, da bakin dattawa ya haɗa wajen rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, don haka ba sabuwar hanya ba ce. Ga kuma fadojin samari da suke kowace unguwa, waɗanda dama shayi da kiɗa da gaishe-gaishen rediyo ne suka haɗa su. Fada ɗaya ta ɗauki layi ɗaya ta bi gida-gida, da sallama da ladabi, aikin wata guda ne.

Waɗanda za a fara tambaya, in da ni ne, mata ne. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da direbobin hanyar Kano da teloli duk suna da abin faɗa, amma namiji yakan tuna waƙa ya manta shekara. Mace kuwa tana ɗaure waƙa da aurenta, da haihuwarta ta fari, da bikin ƙanwarta. In Hajiya ta ce wannan ita aka yi ta sawa ranar da aka kai ta ɗaki, kuma ɗanta na fari an haife shi shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, ka samu 1974 ka koma baya kaɗan. In Inna ta ce lokacin El-Buhari ne, ka san 1984 ake nufi, shekarar yunwa da rufe iyakar Najeriya, lokacin da kaset ya riga ya ture faifai kuma satar naɗi ta fara korar manyan kamfanonin daga Legas. Idan mata ashirin daga unguwanni daban-daban suka ambaci waƙa ɗaya a shekara ɗaya, wannan ita ce ta ɗaya a Damagaram a shekarar, kuma hujjar ba ta gaza ta shagunan Percy Dickins ba.

Sai dai lokaci ba ya jira, kuma yanayin garinmu ba ya tausayin roba. Zafin Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40 yana lanƙwasa faifai, balle a ɗakin kwano. Ƙurar hunturu tana cika layukansa, gara tana cin kwali. A tsaye ake jera su, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da bango da rana. In za a wanke, ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan da tsumma mai laushi, a bi da'irar layukan, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, kada a kusanto da kananzir ko fetur. Masu juyi 78 a riƙe su da hannu biyu. Kuma kada zumuɗi ya sa a ɗora faifai a kan tsohon garmahon da allurarsa ta dakushe, domin sawa ɗaya tana iya cinye abin da ya tsira shekara hamsin. A fara da neman tsofaffin masu gyaran rediyo na gari, waɗanda suka koyi sana'a tun ana kawo musu garmaho. Su ne suka san yadda ake canza allura da bel da daidaita juyi, kuma yaran shagonsu na yanzu gyaran salula suka koya.